Malam, zo kasuwar PK5 ka maimaita wannan magana

Wani marubuci ya ce a ƙasa irin Afirka ta Tsakiya talaka ba ruwansa da halin shugaba, ƙarfi kawai yake nema, wai ko Sinawan da da bulala suka kafa daula. Malam, rabin tarihin ka karanta. Daular Qin, mai tsananin doka da horo, ta haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ko shekara 20 ba ta cika ba ta wargaje. Tun kafin nan malamin Sinawa Mencius ya koyar da cewa sarkin da ya zalunci jama'a ya tuɓe wa kansa rawani.

A Afirka ta Tsakiya kuwa, ka tambayi masu shaguna a kasuwar PK5 ta Bangui. Samarin da suka ɗauki bindiga da sunan kare unguwa, su ne suka koma bi rumfa-rumfa suna karɓar kuɗin dole daga iyayensu da yayyensu. Ƙarfi suna da shi, tausayi ne babu. A Disambar 2019 tura ta kai bango, 'yan kasuwa suka ƙi biya. Aka gwabza, gomman mutane suka mutu, shaguna suka ƙone ƙurmus.