Baƙin Hunturu A Kogin Yobe, Da Mu Baƙin Da Muka Ƙi Tafiya

 

Ranar nan bayan sallar asuba wani abokina ɗan kasuwa ya iske ni tsaye a bakin gadar Gashuwa, na naɗe kaina da rawani saboda ɗari, ga hazo ya rufe ƙetaren kogi. Ya tsayar da babur ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Wani abu ne ya faɗa maka cikin ruwa?" Na ce masa a'a, tsuntsaye nake kallo. Ai kuwa mutumin nan ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan aikin Turawa ne da waɗanda suka ƙoshi. Ban ji haushi ba, domin ni ma shekarun baya haka zan faɗa. To amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gabanmu, mu Hausawan da zama ya kawo iyayenmu Nguru da Gashuwa.

Bari in fara da abin da na gani, mai karatu. Na farko shi ne ɗan tsuntsun nan mai kamun kifi, mai zanen baƙi da fari, wanda wasu ke kira cinawuya. Yakan tsaya cak a cikin iska yana kaɗa fukafukai, baki a ƙasa, sai ka ga ya faɗo tsundum kamar an jefa dutse, ya fito da ɗan kifi. Can gefen rairayi ga zalɓe a tsaye kamar mai jiran bashi, ga belbelu, ga garken kirinjijiya suna wucewa da fito irin nasu, ga dinya guda biyu suna kiwo a bakin ciyawa. Waɗannan duk 'yan gida ne, rani da damina suna ƙasashenmu.

Amma a cikinsu akwai wasu ƙananan agwagin ruwa masu launin ƙasa, waɗanda ba ka ganinsu sai kaka ta yi. Masana na kiransu gargani. Ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, amma daga Turai da Rasha take tasowa, ta ƙetare teku, ta ƙetare hamadar Sahara, ta sauka a fadamarmu. Zuwa ƙarshen sanyi namijin kan fito da farin zane a saman ido kamar an ja masa alli, daga nan kuma sai shirin komawa, wajejen Fabrairu zuwa Maris. Tare da su akwai wata agwagwar mai dogon wuya da tsinin wutsiya, da wasu masu dogayen ƙafafu da ke bin gonakin shinkafa bayan girbi suna tsintar abin da ya zube. Abin sha'awa, daidai lokacin da shamuwa ke barinmu ta nufi kudancin Afirka, a lokacin ne su kuma suke isowa. Wato Allah bai bar fadamar nan babu baƙo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka 'yan ƙalilan ne. A ƙidayar da aka yi a watan Janairun 1997 an lissafa tsuntsayen ruwa sama da 300,000 a dausayin Haɗeja da Nguru. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya zo har Dagona da ke ƙasar Bade a 1989. Saboda su ne aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, kuma shi ne wuri na farko a duk Nijeriya da ya sami wannan matsayi. Tafkin Dagona ya biyo baya a 2008. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta ayyana yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da duniya ke alkinta halittunsu. Mu da ke kwana muna tashi a wurin, mu nawa ne muka taɓa taka ƙafa Dagona?

Ga inda na dosa. Tsuntsayen nan 'yan ci-rani ne, mu ma 'yan ci-rani ne, bambancin kawai su suna komawa, mu kuwa mun ƙi tafiya. Kakana daga ƙasar Kano ya biyo layin dogo bayan da jirgi ya iso Nguru a 1930, lokacin da garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da kanwa da shanu. Ya zo da niyyar rani ɗaya, ga shi a Nguru aka binne shi, a nan aka binne mahaifina. Mangawa da Badawa suka ba mu wurin zama, muka yi auratayya, muka kafa rumfuna. Duk da haka har gobe in ka tambayi ɗayanmu sai ya ce zai je "gida" da Sallah, yana nufin Kano ko Katsina ko Daura. Ba laifi ba ne mutum ya tuna asalinsa. Laifin shi ne wannan tunani ya sa mun ɗauki kogin nan tamkar kasuwa, wurin da ake ɗiba a tafi. Muna sayen banda mu yi lodi zuwa kudu, muna sayen shinkafa da tattasai da albasa, amma lafiyar ruwan da ke haifar da su mun bar wa 'yan ƙasa da gwamnati.

Alhali kuwa in akwai mutanen da maganar ruwan nan ta hau kansu, to mu ne, domin mu ne ke da dangi a kan kogin da kuma a wutsiyarsa. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Gashuwa, kogin Haɗeja ne da na Jama'are suka haɗu suka zama Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Gaidam ya nufi tafkin Chadi. Shi kuwa kogin Haɗeja, daga kogin Kano da na Challawa ya samo asali. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka kammala na Challawa. Daga nan tafiyar ruwa ta sauya.

Dattawa sun san yadda abin yake a da. Ruwa kan zo da ƙarfi a ƙarshen damina ya malale fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa, a shuka shinkafa. Sannan ya janye sannu a hankali, a bi danshi a shuka wake da sauransu, Fulani su sauko da shanu, agwagin Turai su sami ruwa marar zurfi mai cike da tsaba. Da bazara kuwa mashigai da yawa su bushe ƙaf. Bayan dam, babbar ambaliyar nan mai amfani ta ragu, sai kuma ya zama ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, mashigai ba sa bushewa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciyawar kacalla ba abin da take so irin ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta bazu, ta riƙe laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ya kamata ya bi tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana ya gangaro Gashuwa, da yawansa ya karkata ta Marma ya nufi Nguru. Sai ga abin mamaki: wani manomi na kukan ruwa ya cinye gonarsa, ɗan'uwansa a gaba na kukan ruwa bai iso ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san abin da ke faruwa in ruwa mai yawa ya zo ya tarar da hanyarsa a cushe.

To ina ruwan tsuntsu da wannan? Wani tsohon masunci Babade da nake sayen kifi a wurinsa shi ya buɗe mini ido. Na ce masa, "Baba, yaya kuke gane inda kifi yake?" Ya nuna mini cinawuya da haɓa ya ce, "Ɗana, wancan ba ya tsayuwar banza. Inda ka ga ya daina zuwa, kai ma naɗe komarka." Maganar nan gaskiya ce ƙwarai. Mai kamun kifi yana son ruwan da zai hango ƙasansa da ƙananan kifi a ciki. Agwagwa na son fili buɗaɗɗe. In kacalla ta rufe wuri, duk su biyun sai su ƙaura, wanda zai gaje su shi ne jan-baki, wanda ke kwana cikin kacallar dubbai-dubbai, gari na wayewa ya faɗa wa shinkafa da gero. Saboda haka mai kallon tsuntsaye a bakin kogi, lissafin kasuwar baɗi yake dubawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, wai al'adar Turawa ce. Ni kuwa na ce a'a. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙissar Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yadda ya bincika rundunar tsuntsaye har ya lura alhudahuda ba ya nan, ya tambayi dalili. Mu fa? Gauraka ta ɓace daga fadamar nan a kan idonmu ba wanda ya tambaya. Tsuntsuwar da iyayenmu ke ba da labarin garkenta, yau in kana son ganinta sai dai a tsakar gidan wani mai hali a birni, an karya mata fiffike. Su waye dillalan da suka riƙa kai ta can? Kowa ya amsa wa kansa.

Na biyu, za a ce mutum na fama da abin da zai ci, wa ke ta tsuntsu? Wannan magana ce mai nauyi, ban raina ta ba. Manomin da jan-baki ya share wa gona ba zai so jin waƙar tsuntsaye ba. Amma a lura, abin da ya kori agwagwa shi ne ya kawo jan-baki. Gyaran da zai dawo da ita, wato buɗe mashigai da sakin ruwa a kan lokaci, shi ne dai gyaran da manomi da masunci da makiyayi ke roƙo.

Na uku, 'yan'uwanmu na Kano za su ce miliyoyin mutane na shan ruwan dam ɗin nan, ga noman rani na Kadawa da Kura da ke ciyar da jama'a. Haka ne, kuma ba mai hankalin da zai ce a fasa Tiga. Abin da ake nema shi ne adalci wajen saki. Tun farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadamar Haɗeja da Nguru ya fi kawo amfani, in an haɗa noma da kifi da itace, a kan kwatankwacinsa da aka tura aikin noman rani na kogin Kano. A 2006 jihohin Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da wannan kwari. Ke nan ilmin yana nan, yarjejeniyar ma an yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu bibiya.

A nan ne nake ganin muna da rawar da ba wanda zai taka mana. Babade ko Bamange in ya yi kuka a Kano, ana iya cewa baƙo ne ke ƙorafi. Mu kuwa muna da ƙanne da surukai a ma'aikatu, muna da 'yan majalisar garuruwanmu na asali, muna zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya. Me zai hana ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwar kifi da hatsi su sa maganar sakin ruwa da share kacalla cikin abin da suke kai wa hukuma, kamar yadda suke kai kukan haraji da hanya? Haka nan duk sa'ad da aka sake ta da batun dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, ya kamata a ji muryarmu tare da ta masu masaukinmu, domin Jama'are ne reshen da ya rage yana kawo wa Gashuwa ambaliyarsa ba tare da babban shinge ba.

Sannan mu gyara namu hannun. Dillali ya daina sayen 'ya'yan kifin da aka tace da gidan sauro, domin in babu mai saye babu mai kamawa. Mu daina karɓar kifi ko tsuntsun da aka kashe da guba, ko don lafiyar masu ci. Matasanmu masu neman sana'a su dubi kacallar kanta: a Senegal da Muritaniya gawayi ake yi da ita, kuma Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta shiga binciken mayar da ita abincin dabbobi da iskar girki. Bahaushen da ya iya mayar da ƙaro da kanwa kuɗi ba zai rasa dabarar ciyawa ba.

Daga ƙarshe, ina roƙon kowane magidanci, kafin sanyin nan ya wuce, ya ɗauki 'ya'yansa wata safiya ya kai su bakin tafkin Nguru ko bakin kogi a Gashuwa. Ba a bukatar tabarau na hange, ido da haƙuri sun isa. Ya nuna musu dinya da kirinjijiya da zalɓe, ya gaya musu sunayensu, in bai sani ba ya tambayi masunci. Yaron da ya san sunan abu shi ne zai lura ranar da abin ya ɓace. Agwagin Turai in wurin nan ya lalace suna da fiffike, za su nemi wani. 'Ya'yanmu kuwa a nan aka yanke musu cibiya, kuma abokin nan nawa mai dariya, da kuɗin banda ya gina gidansa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar wurin da ya riƙe mu, Ya saka wa masu masaukinmu da alheri. Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka ga fadamar nan kafin Tiga, ina maraba. Sai mun sake haɗuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.