Giɓi a Baki, Tumbi a Gaba

A Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, in magidanci ya ajiye tumbi sai a ce arziki ya zauna, in turamen haƙoransa suka zube a ce shekaru ne. Ba kasafai ake haɗa biyun ba, alhali sau da yawa ɗayan ne ke jawo ɗayan.

Babban mutum haƙora 32 gare shi, kuma sai da aƙalla 20 tauna ke yiwuwa yadda ya kamata. In suka gaza, ba cin abinci yake dainawa ba, sauya shi yake yi. Ya bar gyada da aya da kilishi da ɗanyen karas, ya koma wa abin da ke zarcewa maƙogwaro: fura da suga, kunu, burodi a tsoma a shayi, taliya, shinkafa da mai. Ga kuma gaggawa. Saƙon ƙoshi kan ɗauki kamar minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa, mai haɗiya ba tauna kuwa kafin nan ya share akushi. Rarar ta taru a ciki, kitsen da ya fi kusa da ciwon suga da hawan jini.

Japan ta daɗe da farga. A 1989 ta soma gangamin 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20, daga 2008 kuma ake auna ƙugun 'yan shekara 40 zuwa 74. Binciken da aka yi a garin Suita ya nuna alaƙar raunin tauna da rukunin cututtukan da ya haɗa tumbi da ciwon suga da hawan jini, musamman ga maza.

Gaskiya ne, manomin ƙauyukan da ke kewayen garin Sarkin Hausa in ya rasa haƙora ramewa ya fi yi. Haɗarin ya fi kan masu wuni a zaune, 'yan kasuwa da ma'aikata da direbobi, waɗanda butar shayinsu ba ta sauka daga gawayi. Suga ya ruɓar da haƙori, ciwon suga ya lalata dasashi, haƙori ya ƙara zubewa.

Hankalin jihar Maraɗi yana kan tamowar yara, kuma da hujja. Amma likitan haƙori ya yi wa talakan karkara nisa. Ya kamata ma'aikatan lafiya, duk sanda suka auna jinin babba, su leƙa bakinsa, su ɗora awo a ƙugunsa. Namiji in ya kai santimita 94, mace 80, a faɗa musu gaskiya.