Akta ko bos: wa muke ɗorawa a sitatus?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar samari a Hanwa bayan sallar isha'i ya san musu biyu ne ba sa ƙarewa: na ƙwallo da na fim. In an gaji da Madrid da Barcelona, sai a koma kan wa ya fi wa a cikin jaruman fina-finai masu dogon zango. Wannan ya ce Ertugrul, wancan ya rantse babu kamar Michael Scofield, manyan yayye su ce ku yara ne, ba ku ga Jack Bauer ba. Can gefe wani ya ɗaga waya ya ce shi fa Abale ne nasa, a bar maganar.

Ba mu da ja da wannan musu, mu ma da mu ake yi. Abin da ya dame mu shi ne abin da muke tsinta daga jikin jaruman nan, da abin da muke bari a ƙasa.

A da lissafin mai sauƙi ne. Akwai akta, akwai bos. Yara in za su yi wasan fim a lungu, sai an yi rigima kafin a samu wanda zai yarda ya zama bos, don kowa ya san ƙarshensa. Yanzu fa? Shiga TikTok ka gani. Wanda ya fi iya zare wuƙa da zare ido shi ake yankowa, a sa masa kiɗa, a ɗora.

Mu ɗauki Scofield na Prison Break, wanda aka fara haskawa a Amurka a 2005. Injiniyan gine-gine ne. Da gangan ya yi fashin banki don a kai shi gidan yarin Fox River, inda yayansa Lincoln ke jiran a kashe shi kan laifin da bai aikata ba. Taswirar gidan yarin a jikinsa ya zana ta. Makaminsa lissafi ne da haƙuri, dalilinsa kuma zumunci. Nawa ne cikin masu kiran kansu Scofield suka ɗauki ko ɗaya daga cikin ukun nan?

Haka Ertugrul, wanda tashar TRT 1 ta Turkiyya ta haska daga 2014 zuwa 2019, kashi 150. Farin jininsa ya kai har Firaministan Pakistan na lokacin, Imran Khan, ya nemi a fassara shi zuwa Urdu, aka fara nuna shi a gidan talabijin na ƙasar a 2020. Wanda ya kalle shi da gaske ya ga mutum mai zama ya yi shawara da dattawa, mai rusuna wa mahaifiyarsa Hayme, mai cika alkawari ko da zai cutu. Amma a sitatus ɗinmu me ya rage? Takobi da jini, daƙiƙa talatin, shi ke nan.

Za ka ce ai fim ne kawai. To, ga labarin Jack Bauer na 24, wanda ya fara a 2001. Salonsa shi ne ya kama mutum ya gana masa azaba har ya faɗi inda bam yake. A 2006 sai da Birgediya Janar Patrick Finnegan na makarantar horar da hafsoshin Amurka ta West Point ya je ya gana da masu shirya fim ɗin, ya roƙe su su rage, saboda ɗalibansa sun fara ɗaukar azabtarwa a matsayin hanyar da ke aiki. In fim zai iya juya tunanin wanda ake koya wa dokar yaƙi a aji, ina ga ƙaninka mai shekara 13 da ke kallo a wayarka?

Mu dawo gida. Daddy Hikima ya iya wasa, wannan ba a musu. Rawar Abale da ya taka a cikin A Duniya ta shiga bakin yara har a nan Zariya: tafiyar, muryar, sarar maganar. Masu shirya irin waɗannan fina-finai kan ce faɗakarwa suke yi, suna nuna yadda daba ke cinye mai yin ta. Muna iya yarda da su. Matsalar ita ce faɗakarwar tana can ƙarshen labari, mu kuma tsakiyar muke yankowa. Kukan uwa ba ya samun masu dannawa. Zaman gidan yari ba ya hawa kiɗa.

A watan Satumban 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Ƙwacen bai tsaya ba, har ta kai a 2023 gwamnatin jihar ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Wannan ya nuna abu biyu. Na farko, ba fim ne ya haifi daba ba. Rashin aikin yi da ƙwaya da 'yan siyasar da ke ɗaukar yara haya sun riga shi. Na biyu, doka ba ta isa wayarka. Hukumar Kano ba ta da iko a Hanwa, balle a shagon mai tura fim da ke cika maka memori. Mai tace fim na gaskiya yanzu kai ne, da babban yatsanka.

Don haka ga roƙonmu. Kafin ka ɗora jarumi, tambayi kanka: me ya kare, wa ya ceta, me ya rasa a kan hakan? In amsar ita ce kawai ana tsoronsa, to bos ka ɗora, ko da sunansa ne a saman fosta. In ƙaninka na kallo tare da kai, kada ka tsallake masa ƙarshen. Kuma ka daina yi wa yaro tafi don ya iya kwaikwayon ɗan daba. Abin da aka yi wa dariya yau shi ake yi wa kuka gobe.

Ga masu shirya fim kuma, in kun ce jarumi mai takobi ne ke sayuwa, ai ba mu rasa namu ba. Turkawa sun gina kashi 150 a kan mutumin ƙarni na 13 da tarihi bai adana abu mai yawa a kansa ba. Mu muna da Sarauniya Amina, ga Turunku, ga Kufena, ga ganuwar Zazzau, ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar keke-napep daga Kwangila. Fim ɗin Amina da ya fito a Netflix a 2021 da Turanci aka yi shi. Namu na Hausa, mai dogon zango, muna jira.

Kafin nan, buɗe sitatus ɗinka na makon nan ka duba da idon ƙaninka. Wa ka ce masa ya zama?