Sarkin Yawa Ya Fi Sarkin Ƙarfi, Ko a Wajen Wufa

Ina da ja da masu sayar da kayan sauti, da ma ƴan'uwana masu saye, a kan wata ƙarya da ta zauna daram: wai in kana son bas mai daɗi a falonka, ka nemi wufa mafi girma, wadda aka rubuta wa wat dubbai a jikin kwali. Wannan shawara tana cin kuɗin mutane, tana hana maƙwabta barci, kuma ba ta magance komai.

Matsalar tana ɗakin, ba a akwatin ba. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Kakkauran amo na 40 Hz tsawon igiyarsa ya haura mita 8, wato ya fi yawancin ɗakunanmu tsawo. Idan ya bugi bango ya dawo, sai ya haɗu da mai fitowa: a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wurin su kashe juna. Ɗaki mai tsawon mita 5 yana yin haka a kusan 34 Hz, da 69, da 103. Shi ya sa wanda ya jingina da bango ƙirjinsa ke girgiza, na tsakiyar ɗaki kuwa yana tambaya ko an kunna wufar. Bangon bulo da siminti da daɓen tayil suna ƙara tsananta abin, domin ba sa shan amon, mayar da shi suke yi.

To me ƙatuwar wufa za ta gyara? Inda igiyoyi suka kashe juna, in ka ƙara ƙarfi, ka ƙara wa mai fita da mai dawowa baki ɗaya, ramin na nan. Ko da ka ninka wat ɗin, desibel 3 kacal ka samu. Lambar PMPO da ke walƙiya a kwali kuwa ado ce. RMS ita ce abin dubawa.

Magani shi ne wufa biyu matsakaita a wurare daban. A 2002 Todd Welti na kamfanin Harman ya gabatar da bincike a kan haka: a ɗaki mai kusurwa huɗu, wufa biyu a tsakiyar bangaye masu fuskantar juna suna daidaita bas daga kujera zuwa kujera fiye da guda ɗaya, huɗu kuma su ɗan ƙara. Abin da ɗaya ta rasa, ɗayar ta cike. Tun da kunne ba ya saurin gane inda amon ƙasa da 80 Hz ke fitowa, ba za ka ji an raba maka kiɗa ba.

Za a ce biyu sun fi tsada. Ni ban ce ka ninka kuɗinka ba. Ka raba shi biyu. Na yarda, wanda ke sauraro shi kaɗai a kujera ɗaya zai iya wadatuwa da guda: ya ɗora wufar a kujerar, ya zagaya gefen bango yana saurare, inda amon ya fi daidaita nan ne mazauninta. Amma falon da iyali da baƙi ke cika ba kujera ɗaya ba ce.

Kafin ka tambayi mai shago inci nawa, ɗauki tef ka auna ɗakinka.