Israfi a Wurin Alwala Ba Sunna Ba Ne



Ya ku 'yan'uwa, abin takaici ne a ga mutum ya ɗage wando, ya tsayar da gemu, amma ya saki famfon masallaci yana kwarara har ya idar da alwala. In aka yi masa nasiha, sai ya ce tsarki yake kyautatawa. Wane tsarki? Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudunnabi guda, wanda bai cika lita ɗaya ba. Shin ka fi shi tsarki ne? Wannan waswasi ne, ba taƙawa ba.

Allah Ya hana israfi a Suratul A'arafi, aya ta 31. Ruwan da kake malalarwa a kwata, shi maƙwabcinka ke saye da guminsa a wurin 'yan garuwa.

Saboda haka ɗebi ruwa a buta, kada ka wuce wanki uku. Ka rufe famfo, ka gyara mai yoyo, ka yi alwala a gindin bishiya don ta sha. Wanda ke kiran mutane zuwa ga Sunna, to ya fara da butarsa.

Allah Ya sa mu dace, amin.