Cikin da Babu Abinci Ya Fi Zuƙar Dalma

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsu kuma ta sauka a tsakar gida, a kan tabarmi, a cikin abinci. Yara fiye da 400 suka rasu. Dubbai aka ba su maganin da ake kira kileshan, wato sinadarin da ke shiga jini ya cafke ƙarfe mai guba ya fita da shi ta fitsari. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin hannun ƙaguwa, saboda kama ƙarfen yake kamar yadda ƙaguwa ke maƙale abin da ta damƙa.

Shekaru bayan haka, kalmar ta sake dawowa ƙasar Hausa ta wata ƙofar. A wannan karon ba daga asibiti ta fito ba, daga wayoyin hannu ne. Masu sayar da magungunan “wankin jiki” suna gaya wa ma'aikacin banki ko malamar jami'a cewa kasala, kumburin ciki da ciwon kai duk alamun tarin ƙarafa ne, kuma yayin fitar da su dole a ƙaurace wa alkama, madara, ƙwai, wake, wani lokaci har da gyaɗa. Wannan shawara ta kauce wa gaskiya ta fuska biyu: tana sa wanda ba ya bukatar magani ya sha, tana kuma sa wanda ke bukatarsa ya yunwatar da hanjinsa a lokacin da ya fi bukatar abinci.

Dalilin yana cikin yadda dalma ke shiga jiki. Hanji ba ya bambanta ta sosai da sinadaran da yake nema. Ƙofar da sinadarin ƙarfe na jini, wato ayon, ke bi ya shiga, dalma ma tana bin ta. Haka kuma tana yin shigar burtu ta bi hanyar kalsiyam. Idan jiki yana ƙarancin waɗannan biyu, sai ya ƙara buɗe ƙofofin, dalma kuwa ta samu hanya. Babban mutum da ya ci ya ƙoshi yakan zuƙi kusan kashi 10 cikin 100 na dalmar da ya haɗiya. Ƙaramin yaro kan zuƙi har kashi 40 zuwa 50. Cikin da babu komai ya fi mai abinci zuƙa nesa ba kusa ba. Shi ya sa a jagororin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 game da kula da masu gubar dalma, aka haɗa da gyara abinci: ƙarin kalsiyam ga yaron da ba ya samun isasshe, ƙarin ayon ga mai ƙarancinsa. Wanda ya cire nono, ƙwai da wake daga kwanon irin wannan yaro, ya cire katangar da ke tare gubar ne.

Ba a musun cewa maganin na damun ciki. Wanda aka fi amfani da shi a Zamfara, DMSA, ana shan sa ne ta baki, kuma tsarin da aka saba da shi kwana 19 ne: sau uku a rana tsawon kwana 5, sannan sau biyu tsawon kwana 14. Yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai saboda sinadarin kibiritu da ke cikinsa, warin kuma yakan bi numfashi da fitsari. Tashin zuciya, amai, gudawa da rashin sha'awar abinci suna cikin illolinsa da aka sani. Ita kanta dalma tana kawo murɗar ciki da taurin bayan gida tun kafin a fara magani. To, a nan ne ruɗani ke shigowa. Uwa ta ba ɗanta koko da ƙwai da safe, ya sha magani, da rana ya yi amai; abu mafi sauƙi shi ne a ɗora wa ƙwan laifi. Gobe a cire nono, jibi a cire wake. Kafin mako ya zagayo yaro ya koma kan farin kunu, alhali mai laifin na cikin kwalbar magani, kuma illarsa takan wuce idan an kammala.

Abin da ya dace ya fi haka sauƙi, bai kuma da ƙayatarwa. A riƙa ba da abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ciki ya zauna wayam. Ga yaron da ba ya iya haɗiye ƙwaya, ana buɗe ta a barbaɗa a kan ɗan abinci mai laushi. Idan gudawa ta zo, a ba da ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ciyarwa, a sanar da likita. Wani lokaci hanjin da ya sha gudawa yakan kasa narkar da sukarin madara na ɗan lokaci. Kindirmo ya fi ɗanyen nono sauƙin narkewa, don haka sauyi ake bukata, ba haramci ba. Kasuwar ƙauye ma tana da abin da ake nema: hanta, kifi, wake da zogale don jini, miyar kuka da nono don ƙashi, gwaiba ko lemo tare da abinci don taimaka wa ayon ya shiga. Shayi kuwa yana rage shigarsa, gara a jinkirta shi. Magungunan ƙarin jini da na zink, lokacin shan su hukuncin likita ne, domin wasu ba sa jituwa da maganin fitar da guba.

Akwai rashin jituwa da abinci na haƙiƙa, kuma abin mamaki shi ne masu tallar intanet ba su cika ambaton wanda ya fi haɗari ba. Allurar dimakafurol, wadda masana a Oxford suka ƙirƙiro lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don maganin makami mai guba, a cikin man gyaɗa ake narkar da ita. Mutumin da gyaɗa ke tayar masa da borin jini mai tsanani, wannan allura na iya jefa shi cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai. Haka mai ƙarancin sinadarin G6PD, larurar gado da ta yawaita a Afirka ta Yamma, allurar na iya farfasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Waɗannan su ne bayanan da ya wajaba likita ya ji kafin ya rubuta komai. Gwajin jinin da ake tallatawa mai auna IgG, wanda ke fito da jerin abinci ashirin ko talatin da wai ba su dace da mutum ba, ƙungiyoyin likitocin borin jini na Turai da Kanada sun ce kada a dogara da shi. Galibi abin da yake nunawa shi ne abin da mutum ya saba ci.

Sai batun wanda ya kamata ya sha maganin tun farko. A yara, ana duba batun kileshan ne idan dalmar jini ta kai maikurogiram 45 a kowace desilita. A wani babban gwaji a Amurka, wanda aka wallafa a 2001, an bi yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44. Maganin ya rage dalmar jini, amma bai inganta basirarsu ba. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu a Jihar Pennsylvania bayan an ɗura masa wani nau'in EDTA da ya zuƙe kalsiyam ɗin jininsa, alhali don galahanga aka kai shi, ba don gubar dalma ba. Maganin da ke kama ƙarfe ba ya tambayar wane ne mai amfani.

Darasin da ya fi shafar ciki a labarin Zamfara, tushen abincin ne. An niƙa duwatsu a injinan da ake niƙa hatsi, an daka su a turmin gida, an shanya abinci a ƙasar da ta gurɓata. MSF ta tsaya kan cewa ba za a fara magani a ƙauye ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa, domin yaron da aka warkar ya koma cin ƙura, zuba ruwa a rariya ne. Wannan ya sa yaran Bagega suka jira har 2013, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A duka wuraren biyu, tambayar da ta fi amfani ga uwa ita ce a wane inji aka niƙa garin tuwon nan, kuma ko yaron ya wanke hannu kafin ya sa a kwano.