Jinjina ga Masu Kai Wasiƙa a Gaɓar Tafkin Chadi

Da aka afka wa Baga a watan Janairun 2015, jama'a suka watse. Wasu suka hau kwalekwale zuwa Chadi, suka sauka a sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola, wasu suka nufi Diffa. Mutanen Gwoza da Banki kuwa da yawa sun riga sun tare a sansanin Minawao na Kamaru. Waya ta faɗa ruwa, layi ya mutu, lambar da mutum ya haddace ta daina shiga. Aka koma ga takarda da biro.

A nan 'yan sa-kai na ƙungiyar agaji ta Red Cross suka cancanci jinjina. Takardar saƙonsu buɗaɗɗiya ce, labarin iyali kaɗai ake rubutawa, hukuma na iya karantawa, shi ya sa take ƙetare iyaka, har gidan yari take shiga. Wanda bai iya rubutu ba, ɗan sa-kai ya tsuguna gabansa ya rubuta masa: ina raye, an yi mini haihuwa, Baba ya rasu a hanya. Sannan a shiga cigiya, daga mai unguwa zuwa limami, daga wannan rumfa zuwa waccan, wani lokacin wata da watanni, sai an damƙa takardar a hannun mai ita, a kuma karɓo amsa. Uwar da ta ga rubutun hannun ɗanta ba ta buƙatar wani shaida. 'Yan sa-kai, Allah Ya saka muku da alheri, Ya tsare hanyarku.

Sai dai da sauran aiki. A 2019 Kwamitin Red Cross na Duniya ya ce yana riƙe da sunayen 'yan Najeriya kusan 22,000 da suka ɓata, adadin da ya fi na kowace ƙasa a kundinsa, kuma fiye da rabinsu yara ne lokacin da aka rabu da su. Wannan nauyi ya fi ƙarfin 'yan sa-kai. Haƙƙin gwamnati ne ta tattara sunayen ɓatattu wuri guda, ta kuma bai wa duk wanda ke tsare damar aika wa gida layi biyu.

Akwai kuma kason da ya faɗo kanmu. Takardar Red Cross ta dangi ce. To maƙwabcin da kuka haɗa katanga shekara da shekaru fa? Malamin allon da ya koya maka baƙi, da abokin cinikin da kuke ɗaure bandar kifi tare a Doron Baga, wa zai neme su? Idan ka ji ƙishin-ƙishin garin da ɗayansu yake, ka rubuta masa da hannunka, ko da boko ko da ajami, ka sa sunan mahaifinsa da tsohuwar unguwarsu a bayan ambulan, da lambar wayarka a ciki, ka kai tasha ka ba direban da ke bin hanyar.